Gyaran Rubutun Manhaja Tun Bango Bai Tsage Ba

Yawancin aikin da akawu da malamin makaranta suka saba yi da alƙalami yanzu ya koma cikin kwamfuta. Rajistar yara, da sakamakon jarrabawa, da lissafin albashi, ana shigar da su ta shafin intanet. Abin da mu ke gani shi ne gurbin da za mu cika, da maɓallin da za mu danna. Amma bayan wannan akwai dubban layuka na umarni waɗanda wani ya zauna ya rubuta, watau manhaja. Amanar jama'a kuwa ta rataya ne a kan kyawun wannan rubutu.

Manhaja kamar gidan ƙasa ta ke. Yau a ƙara ɗaki, gobe a huda ƙofa, magini ya tafi wani ya zo, har a wayi gari ba wanda ya san inda ruwa ke bi. Masana sun fito da hanya biyu ta kiyaye ta: duba rubutun kafin a kunna shi, da gyara tsarinsa a kai a kai.

Duba kafin kunnawa

Wannan aiki wata manhaja ce ke yinsa. Takan karanta rubutun layi-layi, kamar yadda malami ke duba littafin yaro da jan alƙalami, ta nuna sunan da aka kira ba a gabatar da shi ba, da layin da aiki ba zai taɓa kaiwa gare shi ba. Stephen Johnson na ma'aikatar bincike ta Bell a Amurka ya fitar da irinta cikin 1978, ya kira ta lint. Cikin 2013 Nicholas Zakas ya fitar da ESLint domin harshen JavaScript, wanda shafukan intanet ke aiki da shi.

Ga misalin amfaninta. Cikin Fabrairu 2014 kamfanin Apple ya gyara wani kuskure a wayoyinsa. Layi guda ne aka rubuta sau biyu, sai na'ura ta riƙa tsallake binciken da ke tabbatar da cewa shafin da mutum ya shiga na gaskiya ne. Layukan binciken suna nan a rubuce, amma aiki ba ya kaiwa gare su. Irin abin da mai duba rubutu ke iya nunawa ke nan cikin ƙiftawar ido.

Gyaran tsari

Hanya ta biyu ita ce a gyara cikin rubutun ba tare da an sauya abin da ya ke yi ba. William Opdyke ya rubuta kundin digirinsa a kanta cikin 1992, littafin Martin Fowler na 1999 kuwa shi ya yaɗa ta. A ce an kwafi lissafin haraji a wuri uku cikin manhajar albashi. Ran da haraji ya sauya, a gyara biyu a manta na uku, sai a zalunci wani ma'aikaci ba wanda ya sani. Mai gyara zai tattara ukun wuri guda, ya ba kowane abu suna mai ma'ana, ya raba dogon aiki gunduwa-gunduwa, ya share abin da aka daina amfani da shi. Sharaɗin shi ne a tafi sannu-sannu, bayan kowane taki a yi gwaji a tabbata amsa ba ta sauya ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila ya gaji waɗansu tsofaffin shafuka daga kamfanin Tiscali cikin 2009, ya bar su ba kulawa. Cikin Oktoba 2015 ɓarayi suka bi ta nan, suka cusa umarni a inda shafi ke karɓar bayani, na'ura ta bi umarnin, suka kwashi bayanan mutum wajen 157,000. Hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000 cikin 2016.

Abin da ya rage gare mu

Kada mu ɗauka mai duba rubutu ya san kome. Wani lokaci yakan yi ƙara a kan abin da ba laifi ba ne, kuma ba ya sanin nufin mai aiki. In an rubuta a raba maki da 5 alhali da 6 ake nufi, ba zai ce uffan ba. Saboda haka lalle ne wani mutum na biyu ya karanta aikin ɗan'uwansa.

Mu shugabannin ofis da na makaranta, laifinmu shi ne mukan biya kuɗin sabon abin da ido ke gani, mu ƙi biyan gyaran da ba a gani. To, in za mu karɓi manhaja, mu tambayi mai yinta: da me aka duba rubutun, ina gwaje-gwajensa, wa zai iya karanta shi in kai ka tafi? Mu kuma ware kuɗin gyara kowace shekara, kamar yadda mai gida ke yin yaɓe tun damina ba ta faɗi ba. Allah ya sa mu riƙe amana.