Ɗakin Haya A Cikin Rami: Labari Daga Garyan

A watan Maris da ya wuce, wani tsohon ɗalibina da na koyar a aji shida a Maamobi ya zo gaishe ni, bayan ya shafe shekaru yana aikin gini a Libiya. Muna zaune sai aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gumi ya fara tsiyaya. Ya ɗaga kai ya dubi rufin kwano, ya ce, "Malam, wallahi barci mafi daɗi da na yi a ƙasar can, a cikin rami na yi shi." Gabana ya faɗi, don na zaci kurkuku yake nufi, tunda mun san halin da yaranmu da yawa suka shiga a wannan hanya. Ya yi dariya ya ce, "A'a Malam, gida ne, har kuɗi ake biya a kwana a ciki."

Garin da yake magana shi ne Garyan, a kan duwatsun Nafusa, kimanin kilomita 80 kudu da Tarabulus. Tun ɗaruruwan shekaru mutanen wurin suke haƙa gidajensu a ƙarƙashin ƙasa. Sukan fara da rami mai faɗi, zurfinsa ya kai tsayin gidan bene, wannan shi ne tsakar gida, samansa a buɗe. Sa'an nan su fafe ɗakuna a jikin bangon ramin, su shafe su da farar ƙasa. Ana shiga ta wata hanya mai gangara da aka haƙo daga gefe. Yawancin iyalai sun bar irin waɗannan gidaje sun koma na siminti, amma wasu sun gyara na kakanninsu suna karɓar baƙi. A ɗaya daga cikinsu mai gidan aikinsu ya sauke su.

Yaron ya ce da rana tsaka, lokacin da waje yake kamar bakin murhu, ɗakin sanyi ƙalau kamar cikin randa, da dare kuwa da iskar dutse ta taso, ɗakin ya riƙe ɗumi. Dalilin ba boyayye ba ne, muna koyar da shi a darasin kimiyya. Ƙasa mai kauri ba ta saurin ɗaukar zafi, kuma ba ta saurin sakinsa. Kwano kuwa cikin mintuna kaɗan yake gasuwa, ya juye zafin a kan wanda ke ƙarƙashinsa.

Haka ma abin yake a Matmata da ke kudancin Tunisiya, inda aka ɗauki wani sashe na fim ɗin Star Wars na 1977 a otal ɗin Sidi Driss, wanda shi ma a rami yake. Sai dai ruwa shi ne babban abokin gabar irin wannan gini. Ambaliyar 1969 ta rushe gidaje da dama a Matmata, har gwamnati ta gina wa mutane sabon gari. A Ostireliya kuma akwai garin Coober Pedy, inda masu haƙar dutsen ado suke zaune a ƙarƙashin ƙasa saboda zafin hamada.

Mu ma nan Gana muna da namu. Duk wanda ya bi hanyar Akosombo zai ga duwatsun Shai, inda mutanen Shai suka zauna a kan tsaunuka da cikin koguna har Turawan Ingila suka kore su a 1892. A wurinmu Musulmi kuwa kogo ba baƙon abu ba ne, mun san Hira, mun san Saur.

To jama'a, me ya sa na kawo wannan labari? Ku je Old Fadama da kewayen Agbogbloshie ku ga ɗakunan katako da kwano, inda 'yan mata masu dako daga Arewa suke cunkushe da yawa a ɗaki guda, babu taga. Ku shiga lungunan Nima da azahar. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma kowa ya san shekara biyu ake nema, a kan ɗakin da ba a iya zama a cikinsa da rana. Ɗalibaina sukan zo aji suna gyangyaɗi, in na tambaya su ce zafi ne ya hana su barci. Wannan ita ce asarar da ba a lissafawa.

Ba ina cewa mu haƙa ramuka a Ankara ba. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015, da yadda rafin Odaw ya cika ya batse, ya san ramin nan kabari zai zama. Amma kakanninmu da suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da fataucin goro, a gidajen tubali da rufin soro suka tashi, kuma hikimar ɗaya ce da ta mutanen Garyan: bango mai kauri, inuwa, da hanyar iska. Mu ne muka watsar da ita muka rungumi kwano.

Akwai abin da ba ya cin kuɗi sosai. Mai gida ya sa silin kafin ya ba da haya, ya buɗe taga biyu masu fuskantar juna, ya shafa wa kwano farin fenti, ya bar bishiyar darbejiya ta tsakar gida maimakon ya sare ta ya ƙara ɗaki. Sarakunan zango da limamanmu su riƙa tuna wa masu gidaje cewa ɗan haya amana ne.

Da zai tafi, yaron ya ce yana tara kuɗi ya yi gini a Kasoa. Na ce masa, "To, ka tuna da ramin nan ranar da za ka sa rufi." Allah ya ba mu muhalli mai albarka, amin.