Adam Goodes: Yadda ihun 'yan kallo ya raba gwarzon ƙwallon Ostiraliya da fili

A Ostiraliya akwai wani nau'in wasan ƙwallo da aka rubuta dokokinsa a birnin Melbon a 1859. 'Yan wasa 18 ne a kowane ɓangare, fili da ƙwallon duk suna da siffar ƙwai, ana buga ta da ƙafa ana kuma cafe ta da hannu. Babbar gasar wasan ita ce AFL. Kaɗan ne a tarihinta suka kamo ƙafar Adam Goodes, sai dai yadda ya bar wasa ya jefa ƙasar cikin muhawara kan wariyar launin fata.

Wane ne Goodes?

An haife shi a 1980 a jihar Ostiraliya ta Kudu. Mahaifiyarsa 'yar asalin ƙasar ce, wato Aborijin, kuma tana cikin yaran da hukuma ta raba da iyayensu bisa wata manufa da aka bi har zuwa shekarun 1970. Ya fara buga wa ƙungiyar Sydney Swans a 1999, ya yi mata wasanni 372. Sau biyu ya lashe lambar Brownlow ta gwarzon gasar, a 2003 da 2006, sau biyu kuma ƙungiyarsa ta ɗauki kofi da shi, a 2005 da 2012.

Daga ina rikicin ya faro?

A watan Mayun 2013, ana tsaka da wasa da Collingwood, wata yarinya 'yar shekara 13 ta kira shi goggon biri. Goodes ya nuna ta ga masu tsaro, aka fitar da ita. Washegari ya roƙi jama'a kada su ɗora mata laifi, yana cewa tallafi take buƙata. Duk da haka wasu masu sharhi suka zarge shi da tozarta ƙaramar yarinya.

A Janairun 2014 aka ba shi lambar Gwarzon Ɗan Ƙasa na Shekara, ya kuma yi amfani da wannan dama wajen magana kan halin da 'yan asalin ƙasar suke ciki. Daga nan magoya bayan abokan hamayya suka riƙa yi masa ihu duk lokacin da ya taɓa ƙwallo. Abin ya ƙara ƙamari a Mayun 2015, bayan ya yi murnar cin ƙwallo da wata rawar yaƙi ta Aborijin a wasa da Carlton. Masu ihun sun ce salon wasansa ne ba sa so, amma tambayar da suka kasa amsawa ita ce me ya sa ihun ya yi tsanani bayan ya fara magana.

Ina hukumar gasar take?

Tun 1995 AFL take da dokar hana zagin launin fata, sai dai ta fi shafar 'yan wasa da jami'ai. Ihun dubban mutane ba shi da mai shi, ba a kuma iya kafa hujja kan niyyar kowa, don haka shugabanni suka yi ta jan ƙafa. Goodes ya yi ritaya a Satumbar 2015, ya ƙi shiga zagayen bankwana da ake yi wa masu ritaya a ranar wasan ƙarshe.

Sai a Yunin 2019, shekarar da fina-finai biyu kan lamarin suka fito, AFL da ƙungiyoyinta 18 suka nemi gafararsa, suka amsa cewa ba su tsaya masa yadda ya kamata ba. A 2021 aka zaɓe shi shiga zauren karrama fitattun wasan, ya ƙi karɓa. Ya kuma kafa gidauniyar GO tare da tsohon abokin wasansa Michael O'Loughlin, wadda ke ba ɗaliban Aborijin tallafin karatu.