Ciwon Suga: Abin Da Wayarka Za Ta Iya Yi Maka, Da Wanda Ba Za Ta Iya Ba

Shekara biyu ke nan da likita ya tabbatar wa Hajiyarmu tana da ciwon suga nau'i na 2. Ya rubuta mata metformin, sannan ya ce ta gyara cin abinci, ta riƙa motsa jiki, ta rage ƙiba. Tunda ni sana'ata rubuta manhaja ce, sai na karɓi wayarta na ce bari mu ga me za ta tsinana mana.

Rubuta Awo

Na buɗe mata shafi a Google Sheets, kullum da safe kafin ta karya mu gwada da na'urar awon suga mu rubuta. Manhajar mySugr ma tana wannan aikin. Ga yawancin manya masu ciwon, ana son awon safe ya tsaya tsakanin 80 da 130 mg/dL. Idan ya sauka ƙasa da 70, suga ya faɗi, sai a ba mutum abu mai zaƙi nan take. A kula, wasu na'urorin da mmol/L suke ƙirgawa. Raba lambar mg/dL gida 18 za ka samu ɗayar, wato 126 daidai take da 7.

Ɗaukar Hoton Kwano

Kafin ta ci abinci sai ta ɗauki hotonsa. Da muka jera hotunan kusa da awon, sai ga masu laifi sun fito fili: malmalar tuwon shinkafa biyu da dare, da kunu mai suga, da lemon kwalba a wajen biki. Ba a hana ta tuwo ba. Malmala ta koma ɗaya, wake da zogale da alayyahu suka cike gurbin.

Ƙirga Taku

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Minti 30 ke nan sau biyar. Google Fit ko Samsung Health za su ƙirga maka taku kyauta. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu haɗarin kamuwa da ciwon da suka bi tsarin motsa jiki da rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin ya ragu da kashi 58. Mai kilo 80, kilo biyar zuwa shida kawai ake magana.

Hattara Da Agogon Bogi

Za ka ga ana tallar agogon hannu wai yana auna suga ba tare da huda fata ba. A Fabrairun 2024 hukumar FDA ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da ko ɗaya daga cikinsu ba. Lambar ƙarya tana iya sa mutum ya sha maganin da bai kamata ba. Na'urori irin su FreeStyle Libre na gaske ne, amma su ana manna su ne a damtse, wani ɗan siririn tsinke ya shiga ƙarƙashin fata, kuma suna da tsada.

Waya ba likita ba ce, don haka kada kowa ya daina magani saboda lamba ta yi kyau. Amma ranar da muka koma asibiti da awon wata uku a jere, likita bai tsaya yana lalube ba. Idan akwai mai ciwon a gidanku, karɓi wayarsa yau ka saita masa ƙararrawar shan magani. Daga nan mu ma muka fara.