Peugeot 504: Abin da ya sa samun kayan gyaranta ke wahala a ƙasar da aka harhaɗa ta ƙarshe

Wanda ya gaji Peugeot 504 daga mahaifinsa, ko ya saye ta don marmarin tsohon ƙarfe, yakan gano cewa kuɗin sayenta ne mafi sauƙin abin da zai biya. Wahalar tana farawa ranar da bakanike ya kwance wani ƙarfe ya miƙa masa, ya ce a je kasuwa a nemo irinsa.

Abin mamaki ne hakan ya faru a Najeriya. An fitar da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, sannan aka daina ƙera salun ɗinta a can a 1983. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1975 zamanin Janar Yakubu Gowon, ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, bayan Ajantina ta daina a 1999, Kenya kuma a 2004. Fijo ce motar gwamna da babban sakatare, ita ce kuma motar haya a tasha.

Wannan tsawon rai shi ne tushen matsalar farko. Sunan 504 ya haɗa motoci da dama da suka yi kama a ido amma suka bambanta a ciki. Injin fetur ɗinta da aka fi sani iri biyu ne: XM mai cc 1,796 da XN mai cc 1,971. Faɗin silindar na farko milimita 84 ne, na biyu 88. Wannan milimita huɗu ya isa ya mayar da sabon fistin da zobbansa kayan banza, ko da an rubuta 504 ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Akwai kuma injunan dizal na Indenor, waɗanda su ma girmansu ya sha bamban. Shi ya sa gogaggen bakanike yake fara duba lambar da aka buga a jikin injin kafin ya duba takardun mota, domin a motar da ta shekara talatin tana yawo, da wuya injin da ke cikinta ya zama wanda ta fito da shi daga Kakuri.

A ƙafafun baya ne bambancin ya fi haɗari. A wasu salun, kowace tayar baya tana motsi da kanta, kuma birkinsu na faifai ne. Wagon da akori-kura, waɗanda aka yi domin ɗaukar kaya, aksil guda ne ya haɗa tayoyinsu na baya, birkinsu kuma na ganga ne. Akwai ma salun mai rahusa, 504 L, da ta zo da aksil guda. Saboda haka shokazoba, sifirin ko kayan birkin wannan ba lallai su dace da waccan ba. Wani lokaci ƙarfen yakan shiga idan an matsa masa da guduma, kuma nan ne hatsarin yake: birkin da bai dace ba yana iya kamawa a garejin bakanike, ya ƙi kamawa a gangaren Riyom da fasinja bakwai a ciki.

Ƙasar da aka harhaɗa motar ma tana da tasiri. Kenya na tuƙi ta hannun hagu, don haka sitiyarin motocinta yana dama, kuma kayan sitiyarinsu ba za su zauna a motar Najeriya ba, wadda ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972. Ajantina kuwa ta sauya fitilu da fasalin gaba da baya a shekarun ƙarshe. Mai yin oda ta intanet da bai san wannan ba zai biya dala, ya jira makonni, a kawo masa fitilar da ba ta shiga mazauninta.

Akwai sauƙi ta wani ɓangaren. Peugeot 505, wadda ta fito a 1979, ta gaji injin XN da wasu sassan 504, don haka matacciyar 505 takan raya 504. Da irin wannan ake rayuwa a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Ladipo ta Legas. Kayan da ake samu a can sun kasu uku: waɗanda aka ciro daga motocin da aka yanka, da 'yan Beljiyam da aka shigo da su bayan an yi amfani da su a waje, da sababbi na kamfanonin da ba Peugeot ba. A cikin na ukun akwai nagari, akwai jabu, kuma kwalinsu kusan iri ɗaya ne. Hukumar SON ce ke da alhakin tantance ingancin kayan da ake shigowa da su, amma a bakin shago mai saye ba shi da mai kare shi sai idonsa da tsohon ƙarfen da ya riƙo don gwadawa. Ga bodi ko giyabos, tsohon na asali yakan fi sabon da ba a san asalinsa ba. Ga robobin birki da tiyo da bel kuwa, tsufa kaɗai kan lalata su, ko da ba a taɓa ɗaura su ba.

Dalilin da ya sa ƙasar da ta shafe shekara talatin tana fitar da motar ba ta iya wadata kanta da kayanta shi ne, harhaɗawa aka fi yi a Kaduna. A shekarun farko, da jiragen sama ake jigilar sassan motar daga Lyon zuwa Kano, sannan a kai su Kakuri. An samu kamfanonin cikin gida da suka riƙa samar da batir, gilashi, kujeru da tayoyi, amma injin da giyabos daga waje suke zuwa, kuma masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka ɗora wa buri ba ta kammalu ba har yau. Michelin da Dunlop sun rufe masana'antunsu na taya a Najeriya kafin 2010. Gwamnati ta sayar da hannun jarinta na PAN a 2006, hukumar AMCON ta karɓe kamfanin a 2012 saboda bashi, aka sake sayar da shi a 2020.

A Faransa, ƙungiyar L'Aventure Peugeot, mai gidan tarihi a Sochaux, tana sayar da kayan tsofaffin motocin kamfanin, har tana sa a sake ƙera wasu. Da yuro ake biya. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, farashin irin waɗannan kaya ya ninka ga ɗan Najeriya, kuma mai Fijo ɗin da ke lodi a tasha ba ya cikin masu iya yin odarsu. Shi dai Panteka zai koma, inda kowace 504 da aka yanka domin raya wata take rage adadin waɗanda suka saura.