Garkuwar jiki da sojojinta: ina iyakar wannan misali?

Duk wanda ya zauna gaban malami ya san amfanin buga misali. Idan aka ce wane zaki ne, kowa ya gane jarumtarsa ake nufi, ba mai zuwa neman jela a bayansa. Malaman balaga sun koya mana cewa kowane tashbihi yana da fuskar kamanni, kuma nan ne iyakarsa. Muna kiyaye wannan ƙa'ida a wajen karatu, amma mukan manta da ita idan aka zo maganar lafiya.

Mu dubi kalmar da ke bakinmu kullum, wato garkuwar jiki. Garkuwa kayan yaƙi ce, da ita ake tare kibiya da mashi. Daga nan sai fararen ƙwayoyin jini suka zama sojoji, ƙwayoyin cuta abokan gaba, magani kuwa makami. Ba mu kaɗai muka yi aro ba. Kalmar Turawa daga Latin take, asalinta wanda aka yafe wa haraji ko aikin hukuma. A 1882 masanin Rasha Ilya Mecnikof ya soka ƙaya a jikin wata 'yar halittar teku, ya ga wasu ƙwayoyi sun taru sun kewaye ta, aka sa musu sunan da ke nufin ƙwayoyi masu ci. Abin da ido ba ya gani, dole a aro masa suna daga abin da ido ya sani.

Misalin yaƙi yana da amfani. Da shi muke gane dalilin da ya sa ƙyanda ke saurin kayar da yaro mai tamowa. Amma yana da iyaka, kuma ana ganinta sarai a ƙauyukan 'yan'uwanmu Hausawan Sudan.

Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi gabas da jama'arsa, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar kogin Nilul Azraƙ, kusa da Sennar. Da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925, aka buɗe noman auduga na Jazira, Hausawa da yawa suka zauna a bakin magudanan ruwansa suna aikin gona. Ruwan da ya kawo arziki shi ya tara sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya, har a 1979 gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa shiri na musamman a kan cututtukan ruwa a yankin.

Tsutsar tsargiya tana zaune a jijiyoyin jini tana zuba ƙwai. Wasu ƙwan sukan maƙale a hanta ko a mafitsara, sai jiki ya kewaye kowanne da ƙwayoyinsa. Idan aka yi shekaru a haka, hanta takan cika da tabo, jini ya kasa wucewa, saifa ta kumbura, wani har ya yi aman jini. Ashe mafi yawan ɓarnar daga sojojin gida take. Wanda aka koya wa cewa ƙarin ƙarfin garkuwa kullum alheri ne ba zai gane wannan ba. Manomin Jazira kuwa yana da misalin da ya fi dacewa a bakin gonarsa, wato ƙofar magudanar ruwa: idan ruwa ya yi kaɗan auduga ta bushe, idan ya yi yawa ta ruɓe. Jiki ma daidaito yake nema.

Iyaka ta biyu ita ce garkuwa ba ta mantuwa, jiki kuwa yana mantuwa. Babban da ya tashi cikin sauro yakan sami ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro, amma idan ya daɗe a wata ƙasa sai ta ragu. Wannan ya fi kama da hadda, wadda idan ba a tilawa sai ta zube. A Nuwamba 2024 Sudan ta fara yi wa yara rigakafin wannan zazzaɓi a jihohin Gadarif da Nilul Azraƙ, kuma allurar sau huɗu ake yi. Uwar da aka ce wa an ba ɗanta garkuwa tana iya ɗauka an gama tun a ta farko. Wadda aka ce wa karatu aka fara masa ta san akwai komawa.

Ta uku, yaƙi yana da wanda aka ci. Marubuciyar Amurka Susan Sontag ta yi gargaɗi tun 1978 cewa irin wannan magana tana ɗora wa majinyaci laifin ciwonsa. Jama'ar da suka ga yaƙin gaske tun Afrilu 2023 ba su cancanci a ce wa majinyacinsu ya kasa faɗa ba.

Saboda haka, limami ne ko ɗalibi ko ma'aikacin asibiti, idan muka buga misali mu faɗi inda ya tsaya. Inda kuma rai yake cikin haɗari mu faɗi magana ƙarara: fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce, tsargiya ce, tana da magani, a kai shi asibiti.