Rufin Mota Na Gilashi: Fashewarsa Asara Ce, Gyaransa Kuwa Sai An Yi Hattara

A ce ga wani babban ma'aikaci ya taso daga Kaduna ran Juma'a da la'asar, ya nufi Zariya da iyalinsa cikin ƙatuwar motarsa, irin wadda a ke hangen sararin samaniya daga cikinta. Ba a kai rabin hanya ba sai ya ji ƙara bisa kansa kamar an harba bindiga. Kafin ya ankara, ɓarɓashin gilashi ya zubo wa yara a kujerar baya kamar ƙanƙara. Ba wanda ya jefe shi, bai kuwa yi karo da kowa ba. Rufin motar ne ya tarwatse.

Wannan misali ne kawai, amma abin da ya ƙunsa ba tatsuniya ba ne. A shekarar 2017 wata mujalla ta ƙasar Amurka mai binciken ingancin kaya, watau Consumer Reports, ta bi diddigin koke-koken da masu motoci suka kai wa hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar, ta tarar da koke 859 game da fashewar gilashin rufi tun daga 1995. Koke-koken sun shafi samfurin motoci 208, kuma kashi 71 cikin ɗari an kai su ne daga 2011 zuwa gaba, daidai lokacin da masu ƙera motoci suka shiga gasar faɗaɗa gilashin.

Abin da ya sa zancen ya shafi jama'ar Nijeriya shi ne, yawancin manyan motocin da a ke saye na hannu daga Amurka da Turai su ke fitowa, ta tashoshin jiragen ruwa na Legas ko ta Kwatano. A zamanin da ma'aikaci ke karɓar rancen mota ya sayi Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, rufin mota ƙarfe ne. In ya lotse, mai gyaran jikin mota ya buga ya miƙar, a yi fenti, shi ke nan. Yanzu kuwa mai Mercedes-Benz ko Range Rover ko Lexus ya kan zauna ƙarƙashin gilashi tun daga kan direba har kujerar baya, shi kuwa gilashi ba ya jin guduma.

YADDA A KE YIN GILASHIN

Gilashin mota iri biyu ne. Na farko gasasshe ne. A kan sa shi cikin tanda har zafinsa ya wuce digiri 600, sa'an nan a buso masa iska mai sanyi farat ɗaya. Da ya ke bayansa ya riga cikinsa hucewa, sai bayan ya zauna a matse, cikin kuwa ya zauna yana ja. Wannan ne ke ba shi ƙarfin da ya ninka na gilashin taga sau huɗu ko biyar. Amma duk ranar da tsaga ta ratsa bayan ta kai ga cikin, to, gaba ɗayansa ne zai wargaje nan take, ya zama 'yan gutsattsari kamar tsabar masara. Da gangan aka yi shi haka, domin kada ya fashe ya bar dogayen tsini masu yanka. Yawancin rufin gilashi irin wannan ne.

Na biyu mai ruɓi biyu ne, da wata siririyar roba manne a tsakaninsu. Wani masanin haɗa sinadarai na Faransa, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1909. Irinsa ne a ke sa wa gaban kowace mota. In ya tsage, robar ta kan riƙe gutsattsarin a wuri ɗaya. Wasu kamfanoni, kamar Volvo da Tesla, shi su ke sa wa rufinsu.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai mota ya riƙe a nan. Gasasshen gilashi ba ya yankuwa, ba ya hudawa, ba a kuma rage masa baki. Tun kafin ya shiga tanda a ke yanka shi daidai da motar da aka yi shi dominta. Saboda haka duk wanda ya ce zai auna rufin ya yanko gilashi ya sa, to, ko dai gilashin tagar gida zai kawo ko kuwa roba, duka biyun kuwa ba su dace da kan mutane ba.

ME KE FASA SHI?

Babban dalili shi ne tsakuwa. Tayar tifa ko ta babbar mota ta kan cilla dutse sama, ya sauka bisa rufi ya yi masa ɗan tabo wanda direba ba zai gani ba, don ba kowa ke leƙa saman motarsa ba. Tabon ya kan kwana ya yini, har sati ko wata, sai ranar da mota ta faɗa rami jikinta ya murɗa, gilashin ya tashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani lokaci kuma aibin tun daga masana'anta ya ke. A kan sami wani ɗan ƙwayar sinadarin nikel da farar wuta ya maƙale cikin gilashi wajen narkarwa. Ido ba ya ganinsa, amma yana kumbura sannu a hankali, zafi kuwa yana ƙara masa sauri, har ya fasa gilashin mota tana ajiye. Har ila yau, gwaje-gwajen da hukumomin Koriya ta Kudu suka yi sun nuna cewa gefen da aka gasa wa baƙin fenti ya fi sauran gilashin rauni. A 2012 ma kamfanin Audi ya kira motocinsa samfurin Q5 fiye da 13,000 a Amurka don a sake musu gilashin rufi. Zafin rana shi kaɗai ba kasafai ya kan fasa lafiyayyen gilashi ba, amma ranar bazara ta Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, tana iya ƙarasa wanda ya riga ya sami rauni.

IN ABIN YA AUKU

Direba ya riƙe sitiyari da kyau, ya rage gudu, ya nemi wuri ya tsaya. Kada ya taɓa maɓallin rufin ko kaɗan, domin gutsattsarin da suka zuba cikin hanyar da gilashin ke bi za su cinye haƙoran injin, gyara ɗaya ya zama biyu. In labulen ciki a rufe ya ke, a bar shi haka, shi ke tare da ɓarɓashin. A ɗauki hoto saboda kamfanin inshora, sa'an nan a rufe ramin da leda mai kauri ko tamfol. Kada a share kujeru da tafin hannu.

Daga nan sai neman gilashi. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, da ita dillalin kamfani zai gane ainihin gilashin da ya dace, don mota iri ɗaya ta kan sake rufi daga wannan shekara zuwa waccan. Sabo yana da tsada, sau da yawa kuma sai an yi odarsa daga waje an jira. Wannan ne ke kai mutane kasuwannin kayan gyara, kamar Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas, inda a ke samun wanda aka ciro daga wata motar. Ba laifi ba ne sayen na hannu, muddin an duba bakinsa cikin haske an ga ba ɓalli ko ƙarzuwa. A kuma dubi hatimin da ke kusurwarsa. Na Turai yana ɗauke da harafin E da lamba cikin da'ira, na Amurka kuwa da haruffan DOT. Wanda ba shi da hatimi a bar wa mai shi.

AIKIN SAKAWA

Galibi rufin yana da gilashi biyu. Na gaba shi ke buɗewa, an ɗaure shi da noti ga hannuwan injin. Na baya kuwa kafe ya ke, an manne shi da gam. Sake na gaba ya fi sauƙi, amma sai an zuƙe duk ɓarɓashin da ke cikin hanyarsa, a sa sabon giris, a daidaita tsayinsa da jikin mota don kada ya riƙa fito da iska. Bayan haka sai a sake saita injin ya gane iyakar tafiyarsa, domin da wannan saitin ne ya kan ja da baya in ya ci karo da hannun yaro.

Na baya shi ne babban aiki. Sau da yawa sai an sauke silin motar, a gefensa kuwa akwai jakunkunan iska masu kare fasinja ranar haɗari, don haka a kan cire kan batir tukuna. A yanke tsohon gam da waya, a bar ɗan kaɗan kamar milimita 1 ko 2, don sabo ya fi kama shi. Duk inda wuƙa ta kankare fenti sai an shafa masa maganinsa, in ba haka ba tsatsa za ta ci ta ƙarƙashi ta ɗaga gam ɗin. Sa'an nan a shafa wa bakin gilashin wani baƙin ruwa mai sa gam ya kama, a jira ya sha iska gwargwadon mintocin da aka rubuta a jikin kwalbarsa. Gam ɗin kansa na musamman ne, sunansa foliyuriten, irin wanda a ke manna gilashin gaba da shi. Silikon da masu tagogin alminiyam ke amfani da shi yana tare ruwa, amma ba shi da ƙarfin riƙe rufi. Mutum biyu ne za su ɗora gilashin lokaci ɗaya, a bar motar a inuwa har gam ya ƙame, ba a buga ƙofa, ba a kai ta wanki.

Aikin bai kammala ba sai an gwada magudanan ruwa. A kusurwoyin rufin akwai 'yan ramuka da tiyo ke bi ta cikin ginshiƙan mota ya zubar da ruwa ƙasa. Ƙurar hunturu da ɓarɓashin gilashi su kan toshe su. In an manta da su, ruwan farko na damina zai bi silin ya sauka ƙarƙashin kujeru, inda wayoyi da na'urorin manyan motoci su ke kwance, garin neman gira a rasa ido.

INDA HAƊARIN YA KE

Mai karatu zai iya cewa duk wannan tsanani ne. To, ga abin da ya sami kamfanin Mercedes-Benz. A farkon 2020 ya kira motoci kusan 750,000 a Amurka, ƙirar 2001 zuwa 2011, samfurin C da E da CLK da CLS, saboda gam ɗin da ke riƙe gilashin rufinsu yana iya saki, gilashin ya tashi ana cikin tafiya. A 2021 kuma ya sake kiran wasu kimanin 15,000, wannan karon saboda falon da ke tsakanin gilashin gaba da babban rufin, wanda mai yiwuwa ba a manna shi daidai ba a wani gyara da aka yi a baya. In har irin wannan kuskure yana iya faruwa inda ke da kayan aiki da littafin ƙa'ida, ina ga gindin bishiya?

Gilashi mai faɗin murabba'in mita 1 da kaurin milimita 4 nauyinsa kilo 10 ne. In ya ɓalle daga motar da ke gudun kilomita 100 a awa, ba mai motar zai fara samu ba. Wanda ke biye da shi ne zai gamu da shi, ko mai babur ne, ko ɗaliban da suka cika motar haya za su makaranta. Saboda haka zancen ya wuce ado da kwalliyar masu hali. Wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan motoci, in daga Amurka ta fito, yana iya sa lambar jikinta a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, kyauta, ya ga ko akwai kiran gyara da ba a amsa ba.

BATUN KUƊI

Inshorar da doka ta wajabta, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a watan Janairu na 2023, ɓarnar da aka yi wa wani kaɗai ta ke biya. Gilashin mai mota ba ya ciki. Sai mai cikakkiyar inshora ke da bakin magana, shi ma ya kyautu ya karanta takardarsa tun da wuri ya ga ko an ambaci gilashin rufi, don ba lalle ne sharaɗin gilashin gaba ya haɗa da shi ba.

Ma'aikacin da ke tara albashi don sayen irin wannan mota ya kamata ya hau ya dubi rufin kafin ya biya, ya buɗe ya rufe ya saurari ƙararsa, ya zuba ruwa ya ga inda ya bi, ya kuma tambayi kuɗin gilashin a kasuwa tun bai fashe ba. In ya saya, ya riƙa ba tifa tazara, ya rufe labule in yara na baya, kowa kuma ya ɗaura bel. Ranar da tsautsayi ya faɗa, ya tambayi mai gyara abu uku: wane gilashi ne, wane gam ne, awa nawa motar za ta tsaya. Wanda ya amsa ba tare da inda-inda ba, a ba shi aiki. Wanda ya ce a zauna a sha shayi yanzu za a gama, a yi masa godiya a nemi wani. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.