Yadda ake saita shakazobar gaba ta babur ɗin dogon zango

Babur ɗin dogon zango, irin wanda ake ɗaura wa akwatuna a gefe a yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da shi, a wuri biyu kacal yake taɓa ƙasa, kuma kowane wuri bai fi faɗin tafin hannu ba. Duk sa'ad da aka kama birki da ƙarfi, mafi yawan nauyi kan koma kan tayar gaba. Abin da ke riƙe wannan taya manne da kwalta shi ne ƙafafun ƙarfe biyu da suka sauko daga kan babur zuwa tsakiyar tayar, waɗanda kanikawa ke kira shakazobar gaba. Idan ta yi laushi da yawa, babur kan durƙusa a lokacin birki har ta ƙure, tayar ta rasa abin da zai shanye mata gargada. Idan kuma ta yi tauri, tayar kan riƙa tsalle a kan hanya, kuma tayar da ke sama ba ta san birki ba.

Yawancin masu babur kan fara gyara ne daga shago: a sayo mai mai kauri, ko a sayo sabon sifirin, a zuba a ga abin da zai faru. Hanyar da ta fi sauƙi da arha ita ce a fara da awo, domin kowace matsala tana da ɓangaren da ke haddasa ta, kuma maganin wani ɓangare ba ya warkar da wani.

Abin da ke cikin ƙafar

Kowace ƙafa bututu biyu ce, ɗaya na zamewa cikin ɗaya. A ciki akwai sifirin, da mai, da iskar da ta rage a saman man. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shi ke yanke iyakar inda babur zai nutse. Mai ba ya ɗaukar nauyi ko kaɗan, aikinsa rage gudun motsi ne, domin ana tilasta masa bi ta ƙananan ramuka duk lokacin da ƙafar ta matse ko ta miƙe. Ita kuwa iska tana zama sifirin na biyu, wanda ƙarfinsa ke bayyana idan ƙafar ta kusa ƙurewa.

Wannan tsari ya daɗe. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da shi a babur ɗinsa R12 a shekarar 1935, kuma har yau shi ne a gaban mafi yawan babura, tun daga ƙananan da ake haya da su a garuruwanmu har zuwa manyan na tafiya kamar Suzuki V-Strom 650 da Kawasaki KLR650. Akwai dai waɗanda suka bar shi: BMW ya kawo tsarin Telelever a 1993, Honda kuma ta sauya wa Gold Wing tsarin gaba a 2018. Bayanin da ke nan bai shafi waɗannan ba.

Awo kafin kashe kuɗi

Abu na farko da ake aunawa shi ne nutso, wato yawan milimitar da shakazoba ke sauka idan mahayi ya zauna da cikakken kayansa. Ana bukatar mutum uku da tef ɗin awo. Da farko a ɗaga gaban babur har tayar ta bar ƙasa, a auna tsawon bututun da ke bayyane. Sai mahayi ya hau, ƙafafunsa a kan mataki, wani ya riƙe masa babur a tsaye. A danna gaban ƙasa a sake shi a hankali, a auna. A ɗan ɗaga shi sama a sake shi a hankali, a sake aunawa. Ana yin awon sau biyu ne saboda gogayyar roba da ƙarfe kan tsayar da ƙafar kafin ta kai inda ya kamata.

Misali, idan awon farko ya ba da milimita 180, na biyu 128, na uku 136, tsakiyar biyun na ƙarshe 132 ke nan, nutson kuwa 48. Abin da aka saba nema a babur ɗin titi shi ne kusan kashi 30 cikin 100 na iyakar motsin shakazobar. V-Strom 650 na da motsin milimita 150 a gaba, don haka nutso tsakanin 45 da 50 ya yi daidai. Dalilin barin wannan nutso shi ne tayar ta samu damar miƙewa ƙasa ta bi rami idan ta faɗa, maimakon ta rataye a iska. Idan kuma bambancin awo na biyu da na uku ya yi yawa ƙwarai, akwai abin da ke cije ƙafar, ko bututu ya lanƙwashe ko an ɗaure ƙafafun a karkace, kuma sai an gyara wannan tukuna.

Mai dogon zango ya tuna cewa akwatuna da fasinja a baya suke zama. Baya na nutsewa, gaba na ɗagawa, kan babur ya yi sakayau a hannu. Sau da yawa ana ɗora wa shakazobar gaba laifin da na baya ne. Saboda haka a saita baya da irin kayan da za a yi tafiya da su, sannan a auna gaba.

Ɗauri ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi

A saman ƙafafun wasu babura akwai noti da ake murɗawa don matse sifirin tun kafin a hau. Inda babu, ana sauya tsawon guntun bututun da ke zaune a kan sifirin ɗin. Mutane da yawa na zaton wannan ɗauri yana sa sifirin tauri, alhali tsayin da babur ke tsayawa kawai yake sauyawa. Ƙarfin sifirin yana cikin kaurin wayarsa da faɗinsa da yawan naɗinsa, kuma ana auna shi da yawan kilo da ake bukata don matse shi milimita ɗaya.

Ga lissafi mai sauƙi. Sifirin biyu masu ƙarfin kilo 0.70 kowanne sun haɗu sun ba da 1.4, don haka ƙarin nauyin kilo 14 zai matse su milimita 10, ko an ɗaure su ko ba a ɗaure ba. Idan aka sa masu 0.90, wannan nauyi bai kai ya matse su milimita 8 ba. Alamar cewa sifirin ya yi wa mutum laushi ita ce sai an ƙure ɗauri kafin a samu nutson da ake so, sannan idan ya sauka babur ɗin ya miƙe gaba ɗaya bai nutse da nauyin kansa ba. A nan ne sayen sabon sifirin daidai nauyin mahayi yake da ma'ana.

Mai da gurbin iska

Man shakazoba yana tsufa. Zafi da ɓurɓushin ƙarfe na lalata shi, kuma babur ɗin da aka shigo da shi na hannu yana iya zuwa da man da ba a taɓa sauyawa ba. Sauya shi kaɗai kan dawo da shakazoba hayyacinta. Sai dai lambobin 5W da 10W da 15W da ke jikin roba ba ma'auni ɗaya ba ne a wurin duk kamfanoni, 10W na wani kan yi kaurin 15W na wani. Lambar da za a dogara da ita ita ce ta cSt a zafin digiri 40, wadda kamfanoni ke bugawa a takardar bayanin man. Mai kan tsinke a zafi, don haka saitin da ya yi daɗi da asubar hunturu yana iya yin laushi da tsakar ranar bazara.

Yawan man kuwa wani abu ne daban. Ana auna shi daga bakin bututu zuwa saman mai, galibi bayan an zare sifirin an matse ƙafar har ƙarshe. Ƙara mai yana rage gurbin iska, ƙaramin gurbi kuma yana saurin taurara idan aka matse shi. Wanda babur ɗinsa ke tafiya lafiya amma yana ƙurewa a birki mai ƙarfi, zai iya ɗaga man milimita 10 ya gwada. Dole ƙafafun biyu su yi daidai, kuma kada a wuce iyakar littafin kamfani, domin mai ya yi yawa yana hana ƙafar cika motsinta, yana kuma takura wa robar da ke tare shi.

Inda tsohon tsari ya gaza

Babura irin su KLR650 suna amfani da sanda mai huji a cikin ƙafar, man na bi ta ramukan da faɗinsu ba ya sauyawa. Turjiyar irin wannan rami tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa: gudun mai ya ninka biyu, turjiya ta ninka huɗu. Birki motsi ne na sannu, sai man ya wuce ba tare da wani cikas ba, babur ya durƙusa. Bakin rami a kwalta kuwa duka ne na farat ɗaya, sai man ya kasa wucewa, dukan ya isa har kafaɗar mahayi. Shakazoba ɗaya ta zama mai laushi kuma mai tauri. Mai mai kauri yana rage durƙuson amma yana tsananta dukan.

Manyan babura na zamani sun magance wannan da tsarin katirij, inda siraran faifayen ƙarfe ke lanƙwashewa su buɗe wa mai hanya gwargwadon ƙarfin duka. Ga masu tsohon tsari, kamfanin Race Tech na Kalifoniya a Amurka, wanda Paul Thede ya kafa a 1984, yana yin wani ƙaramin bawul mai sifirin da ake ɗorawa a kan sandar. Ana faɗaɗa ramukan sandar har su daina aiki, bawul ɗin ya karɓi aikin matsewa, kaurin mai kuma ya ci gaba da kula da miƙewa. Hujin da aka yi ba ya komawa, don haka wannan mataki na ƙarshe ne, kuma aikin ƙwararren bakanike ne.

Gwaji da kiyayewa

Wasu kan zame ƙafafun sama cikin madamƙansu don rage tsayin babur. Hakan yana sa kan babur saurin juyawa, amma yana rage masa natsuwa a gudu, yana kuma iya sa murfin taya ya bugi jikin babur idan ƙafar ta ƙure. Ko milimita biyar ana jin ta a hannu.

A ɗaura siririyar igiyar roba a jikin bututu, ita za ta nuna iyakar inda ƙafar ta kai bayan tafiya. Idan kullum tana ƙarshe, akwai laushi. Idan ba ta wuce rabi ko a birki mai ƙarfi, akwai tauri. A sauya abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta shi, a gwada a hanya ɗaya. Kafin komai a duba iskar taya da boris ɗin wuyan babur, domin lalacewarsu kan yi kama da ciwon shakazoba. Mai buɗe murfin ƙafa ya sani sifirin a matse yake, yana iya harbo murfin a fuska.

Ƙurar hunturu da busasshen taɓo a jikin bututu su ke cinye robar da ke tare mai. Man da ya tsiyayo kuwa hanyarsa ɗaya ce, ƙasa, inda faifan birki yake. Duk wanda ya ga danshin mai a ƙafar babur ɗinsa, ya ɗage tafiyar har sai an sauya robar an wanke birkin.